Man Kwakwa da Kifin Noushad

Rasmiya jikata,

Kafin gaisuwa, canki wannan, uwar wayo: wa ya kashe kifi babu wuƙa babu ƙugiya, har aka gode masa?

Ya mamanki da ciwon gwiwa? Ya mutanen Beypore? Mu nan Bangalore lafiya lau, sai dai abinci ba ya shiga mini.

Kin san kawunki Noushad na kiwon kifin teku a akwatin gilashi. Akwai wata na'ura a ciki mai tattara dattin ruwan ya zama kumfa, ta tura shi wani ɗan kofi. Ranar Talata na shafa wa kaina man kwakwa, na tsoma hannu ina wasa da shuɗin kifinsa. Nan take kumfar ta kwanta. Ashe ba ta shiri da maiƙo! Na ce ni da na shekara arba'in ina hura wuta, kumfa za ta gagare ni? Na murɗa makunnin na'urar har ƙarshe, na tafi sallah.

Kafin la'asar kofin ya yi ambaliya, dattin mako guda ya koma ruwan. Da safe shuɗin ya juya ciki sama.

Noushad ya ɗora wa matarsa Jaseela laifin, don ita ke goge gilashin. Kwana uku ba ya mata magana. Ni kuwa ya ce, "Umma, na gode da kike sa ido." Jiya ma Jaseela ta matsa mini ƙafa. Alhali ta gan ni ranar ina murɗa makunnin, Rasmiya.

Ki yi mini addu'a, gobe zan faɗa masa. Allah ya yi miki albarka.

Wanda ya kashe kifin kuwa, kakarki ce Kunjamina.