Makiyayi Yana Bayana

Jumma'a, 4 ga Afrilu 2025

Yau wata takwas da tafiyar Babba. Kayen nan, littafin rubutu, na makarantar manya ne, rabinsa baƙaƙen da na koya ina da shekara arba'in da ɗaya. Sauran rabin zan zuba abin da ba ni iya faɗa wa kowa.

Babba ɗan farina ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi mishi wasa gaban mutane ba. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na taras ana yi. Ranar da ya faɗi jarabawar bak karo na biyu, ubansa ya faɗa mishi magana mai nauyi a tsakar gida. Ina zaune ina murza ƙuli. Babba ya dube ni. Na dubi kwano. Da safe ya shiga mota ya yi arewa, wajen haƙar zinariya, ya sake lambar tarho. Tun ranar ba wanda ya ji muryarsa.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Zara ƙanwata, wadda ke koyarwa a lakwal, makarantar boko, ta zo da rana ta ja ni ɗaki. Ta ce in duba wani abu amma kar in yi kuka. Wasa ne cikin tarhonta, Babba ya sa mata shi tun bara. Mutane daga garuruwa daban suna haɗuwa ciki, kowa da ɗan mutum-mutuminsa, suna yaƙar dodanni. Ta nuna mini wani suna: Makiyayi. Ƙarƙashinsa an rubuta da Faransanci, ta fassara mini: an gan shi kwana biyu da suka wuce.

Yana da rai ke nan.

Ta ce ran Jumma'a kawai yake shigowa, bayan masallaci, in sun sauko daga ramukan zinariya zuwa inda rezon tarho yake. Ta sha rubuta mishi, bai amsa mata. Na ce to in wani ne wanda bai sani ba fa? Ta ce, "Yaya, ke da ko hoto ba ki iya turawa?"

Laraba, 9 ga Afrilu

Zara ta kawo mini tsohon tarhonta. Wai sai na zaɓi irin mutumin da zan zama. Iri biyar ne. Na rubuta su don kar in manta.

Mai Garkuwa. Shi ke tsayawa gaba. Yana da wani ihu da in ya yi, dodanni duka su bar kowa su taru kansa. Bugunsa ba shi da ƙarfi, aikinsa shan duka. Zara ta ce Babba shi ne wannan. Na ce ai na sani.

Maharbi. Daga nesa, kibiya uku lokaci guda, amma in aka kama shi ba ya jimawa.

Mai Wuta. Yana ɗaga sanda, wuta ta sauko. Na ce wannan tsafi ne, ba da ni ba. Zara ta yi dariya ta ce zane ne kawai. Ko zane ne.

Mai Sanɗa. Yana ɓacewa ya soki mutum ta baya. Ɓarawo dai.

Mai Magani. Ba ta kashe ko ƙadangare. Abu uku gare ta: ɗan haske kore da ke cika jinin mutum ɗaya, yayyafi da ke taɓa kowa kaɗan kaɗan, da wani babba da ke tada wanda ya faɗi, sau ɗaya tak a kowane yaƙi. Maganin yana ƙarewa, sai an jira ya taru. Zara ta ce ƙungiyoyi kullum neman mai magani suke, kowa kisa yake so, ba mai son jinya. In na koya, ba za su tambayi ko ni wace ce ba.

Na sa mata suna Sabara.

Talata, 15 ga Afrilu

Yatsuna sun saba da turmi, ba su saba da gilashi ba. Sau goma sha ɗaya Sabara ta faɗa rami ɗaya. Man gyaɗa ya ƙone mini a kasko. Maigida ya tambaya, na ce kaina ke ciwo.

Jumma'a, 18 ga Afrilu

Na gan shi.

Zara ta zauna kusa da ni, ta aika musu cewa ga mai magani tana neman ƙungiya. Suka karɓa nan take. Su uku ne: Makiyayi, da Maharbi mai suna Zakiru, da wani Mai Wuta ɗan Damagaram mai yawan magana. Makiyayi ƙato ne cikin sulke, fuskarsa a rufe. Ba ya kama da ɗana ko kaɗan. Amma da aka gama yaƙi aka kama hanya, sauran suka ruga, ni na tsaya ina neman inda ake dannawa. Sai ya juyo, ya zagayo ta bayana, ya tsaya. Na yi taku, ya yi taku.

Haka kawunsa ya koya mishi kiwon awaki a Birnin Lalle yana ɗan shekara tara. Ba a barin gurguwa a baya, kai ne na ƙarshe. Ɗan Damagaram ya rubuta cewa wane irin Mai Garkuwa ne ke tafiya a ƙarshen layi. Makiyayi ya ci gaba da bina a baya.

Na ba Zara tarhon na shiga bayan ɗaki.

Jumma'a, 25 ga Afrilu

Awa ɗaya da ƴan mintoci. Ban rubuta komi ba, rubutuna yana da jinkiri, ina tsoron ya gane. Da ya yi ihun nan dodanni suka rufe shi. Na san zane ne. Na danna kore har yatsana ya yi zafi.

Jumma'a, 2 ga Mayu

An yi mini faɗa yau. Wai na bar ɗan Damagaram ya mutu sau uku, Zakiru sau biyu, ina ta zuba wa Makiyayi magani alhali jininsa a cike yake. Gaskiya ne. Ban ma ga sun faɗi ba. Ɗan Damagaram ya ce tunda yake bai taɓa ganin lokotoro mai ɗura wa lafiyayye allura yana tsallake gawa ba, a kore ni a nemo wata.

Makiyayi ya rubuta: "A bar ta. In ta tahi, na tahi."

Daga baya maganina ya ƙare daidai lokacin da yake buƙatarsa da gaske, ya faɗi. Ya kwanta a ƙasa, garkuwar a gefe. Na danna babban. Haske ya sauko, ya tashi tsaye kamar ba a yi komi ba. Na yi istigfari, don tada matacce ba na mutum ba ne. Amma ban ƙi jin daɗinsa ba. Allah ya yafe mini.

Litinin, 5 ga Mayu

Wata mata daga Tagriss ta zo sayen mai, tana ba da labarin ramukan zinariya na can arewa. Wai zurfin wasu ya fi igiyar rijiya biyu, ba katako, ba komi, mutum yana shiga da fitila a goshi. Na auna mata mai na zubar da rabi.

Jumma'a, 9 ga Mayu

Yau bayan an gama, sauran sun fita, ya tsaya. Ni ma na tsaya. Muna bakin wani kogi na cikin wasan. Ya rubuta: "Sabara, ki riƙa duba sauran. Ni ina da garkuwa."

Na fara rubuta ka ci abinci? Na goge. Na fara rubuta ka dawo gida. Na goge. Na daɗe ƙwarai, shi kuma yana tsaye yana jira, bai tafi ba. Abin da na iya aikawa: to.

Ya ce sai Jumma'a.

Jumma'a, 16 ga Mayu

Bai zo ba. Zakiru ma bai zo ba. Zara ta ce rezon can yana yawan yankewa.

Jumma'a, 23 ga Mayu

Kwana goma sha huɗu, in ji rubutun ƙarƙashin sunansa. Yanzu ina karanta wannan Faransancin da kaina.

Talata, 27 ga Mayu

Hadari ya haɗu ta gabas ya watse. Mutane sun gama gyaran gona suna jira. Maigida ya ce bana sai ya nemi mai taya shi shuka, ya faɗa yana kallon bango. Tun tafiyar yaron bai ambace shi ba, wannan ne mafi kusa. Na so in ce mishi na san inda yake, ina ganinsa. In ce a ina? Cikin wasa?

Jumma'a, 30 ga Mayu

Sunan Makiyayi ya yi haske wajen ƙarfe uku. Na yi hamdala da ƙarfi har kaji suka watse. Ɗan Damagaram ya haɗa mu, muka shiga wani kogo. Zakiru bai shigo ba.

Yaƙin farko bai yi ihun da wuri ba, dodo ya kusa cinye ni. Na ce gajiya ce. Aka gama aka kama hanya. Na tsaya da gangan.

Ya ruga gaba tare da ɗan Damagaram. Bai waiwayo ba. Na ƙirga har ashirin ina tsaye ni kaɗai cikin kogon.

Sulken nasa ne, garkuwar tasa ce. Ban jira Zara ba. Na rubuta da kaina, harafi harafi: wane ne kai, ina mai wannan tarho.

Sai ga lamba, da kalma biyu: kira gobe.

Asabar, 31 ga Mayu

Na kira da hantsi, Zara na riƙe da hannuna. Zakiru ne, Maharbin. Ɗan wajen Ɗan Gulbi ne, rami ɗaya suke aiki da Babba. Muryarsa ta yaro ce. Ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, ya tambayi zafi, ya tambayi gida, har na ce ɗana, faɗi.

Laraba sha huɗu ga wata, ramin ya rufta. Su huɗu ne ciki. Da ƙasa ta fara zuba, Babba ya tura na gabansa sama ɗaya bayan ɗaya, shi ne na ƙarshe ga igiya. An tono shi washegari, an yi mishi sutura da salla, an rufe shi can. Zakiru ya ce lambarmu tana cikin tarhon, kwana goma sha shida yana dubanta ya kasa dannawa. Jiya ya shiga da sunan abokinsa ne don ya ga ko zan zo, ya rasa ta inda zai fara.

Na ce ya aka yi ya san ni ce zai nema.

Ya ce, "Inna, ai ya sani. Tun ranar da aka yi miki faɗa ya ce mini, Sabarar nan innata ce. Na ce mi ya sa ka ce haka? Ya ce duk duniya wa zai tsaya yana ba mai lafiya magani in ba ita ba. Ya ce kar in faɗa, in kika san ya gane kunya za ta hana ki dawowa."

Ban san abin da na ce bayan nan ba. Zara ce ta karɓi tarhon.

Talata, 3 ga Yuni

An yi sadakar uku, ko da yake ukun ta wuce tun tuni. Maigida ya tambaye ni sau ɗaya ta yaya labarin ya zo ta hannuna. Na faɗa mishi duka. Bai yi faɗa ba. Ya ce in nuna mishi. Na buɗe, ya riƙe tarhon nesa da fuska, ya daɗe yana kallon ƙaton nan mai sulke. Ya ce wannan mi ne ne aikinsa? Na ce shi ke tsayawa a buge shi don kar a bugi sauran. Ya miƙo mini ya fita.

Mata sun cika gida. Suna yaba mini, wai ban yi kuka ba, na riƙe kunyar ɗan fari har ƙarshe.

Asabar, 7 ga Yuni

Salla. An yanka rago. Ban ci ba.

Jumma'a, 20 ga Yuni

An yi ruwa shekaranjiya, an yi shuka. Zakiru ya aiko da tarhon Babba da rigunansa ta hannun wani direba. Na sa su cikin akwati, ban buɗe ƙullin ba tukuna.

Na ce ba zan sake taɓa wasan ba. Yau dai bayan an sauko masallaci na ga hannuna ya ɗauko tsohon tarhon Zara, don in duba ko yana da sharji ne kawai. Sunan yana nan, ya dushe, kwana ashirin da ɗaya. Na duba babban maganin nan na Sabara, a cike yake. Ban taɓa shi ba.

Ɗan Damagaram ya yi mini ta'aziyya, ashe yana da ladabi. Ya ce ba su da mai magani, sun samu sabon Mai Garkuwa da wata ƙaramar Maharbiya da ba ta san hanya ba. Na ce yaƙi ɗaya. Ba wanda ya faɗi. Shi kansa sau biyu na cika mishi jini, har ya rubuta cewa lokotoro ta warke.

Da aka kama hanya yarinyar ta maƙale jikin dutse, tana ta juyawa wuri ɗaya. Ba wani abu na yi ba. Na dai zagaya ta bayanta na jira.

Saura layi biyu kayen ya cika.

Sa'adu. Sunansa Sa'adu. Allah ya jiƙan ka, Sa'adu.