Kawu Ya Karɓi Tsakuwarsa

Namwera,
9 ga Fabrairu.

Zuwa ga yayana Twaibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Asiyatu da yara, ya kare ku daga sharrin Durban da na mutanenta. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sosai bana. 'Yata Mwanaisha ta shiga aji biyu na sakandare, ƙafar maigidana Jafali ta yi sauƙi har ya koma kan keken ɗinkinsa. Kasuwar busasshen kifi kuwa tana nan yadda ka bar ta, kowa na kukan tsada yana miƙo kwano.

Kafin komai, ka taya ni gode wa Allah da ya ba mu kawu irin Kawu Bwanali. Ba kowane gida ke samun dattijo mai hangen nesa haka ba. Ka tuna washegarin sadakar arba'in ɗin Mama, kai ka riga ka hau mota, ya tara dangi ya ce shi ba zai yarda 'yar ƙanwarsa ta wahala da fadama ba, wai ga laka, ga sauro, ga ciwon baya. Saboda tsabar tausayi ya ɗauke mini wannan nauyi ya ɗora wa kansa, shi da ya kamata ya yi noma a garin matarsa kamar kowane namiji a al'adarmu. Ni kuma ya ba ni tsaunin bayan gari gaba ɗaya, ya ce ga fili, ga iska, ga inuwa, in na tsaya a kai har tafki zan hango. Da na buɗe baki na ce fadamar Mama ta 'yarta ce tun daga kakanninmu mata, sai ya yi dariya ya ce wa mutane, "Mace mai bakin kasuwa, ai dutse ne daidai da ita." Aka yi dariya, Yaya. Har da waɗanda ke cin shinkafata a lokacin. Na ajiye maganar nan a inda ba ta jiƙa, shekara uku.

Ba ka taɓa sa fartanya a tsaunin nan ba, bari in gaya maka abin da ke wurin. A ido abin sha'awa ne, itatuwa rututu, ganye ya ruɓe a ƙasa baƙi wuluk. Amma baƙin nan bai fi kaurin yatsa uku ba. Ƙarƙashinsa jar tsakuwa ce, ka yi taƙi ɗaya da ɗan kai sai ka ji ƙarfe ya yi ƙara, ka iso dutse ke nan. Fartanya biyu na karya a shekarar farko. In an yi ruwa da safe, kafin la'asar ƙasar ta bushe kamar an zuba shi a rariya. Na sa takin zamani, ruwa ɗaya ya kwashe shi ya gangara da shi. Masara ta tsaya iya gwiwa, ta yi rawaya, ta fid da goyo kamar ɗan yatsa. Damina biyu muna auno garin tuwo a kasuwa, mu da muke da fadamar da ke ciyar da gida uku. Shi kuwa Kawu, mai zumunci, duk girbi sai ya aiko mini da tumatir huɗu daga fadamar uwata, a ce in ɗanɗana.

A shekara ta uku na haƙura da noma, na bar wa tsaunin halinsa. Na rataya amya shida, ina tsintar naman kaza da damina, da 'ya'yan itacen masuku in sun nuna, ina haɗawa da kifi in sayar. Ba arziki ba ne, amma ya fi masarar.

To, a watan Agusta sai ga wata mota ta tsaya a gindin tsaunin. Wata malama ce daga kwalejin aikin gona, sunanta Tiyamike, da ma'aikata biyu, suna zagaya duwatsun yankin nan suna duba ƙasa. Ta nemi izni, na ba ta, na kuma tsaya a kanta, don ban saba barin baƙo da kayana ba. Suka haƙa rami, bai kai gwiwa ba diga ta ƙi shiga. Ta sa awo ta ce santimita ashirin da biyu. Ta tankaɗe ƙasar, tsakuwa ta fi rabi. Ta jiƙa sauran ta murza a tafin hannu ko zai yi igiya, ya wargaje. Ta fito da wani littafi mai launi-launi tana gwada jan ƙasar da shi kamar mai zaɓen atamfa, ta ɗiga wani ruwa ta ce akwai tsami. Na ce mata, 'yar'uwa, da kin tambaye ni da na rage miki wahalar mai, bayana ya riga ya yi wannan binciken. Ta yi dariya ta ce su suna kasa filaye aji takwas, na ɗaya shi ne irin fadama, nawa yana aji bakwai, wato ba na noma ba ne, na itace ne da ɗan kiwo, kuma saiwoyin nan ne kaɗai ke riƙe da 'yar ƙasar da ke wurin. Har suna gare ta a littafinsu, wai Leptosol, siririyar ƙasa a kan dutse. Ta rubuta mini duk wannan a takarda. Sannan suka ɗura ƙasar a 'yan jakunkuna, suka manna lamba, suka kafa turke mai jan fenti, suka tafi.

Ka san garinmu. Tun da aka yi zancen wani mutumin can bayan iyaka da ya tsinci jan dutse mai daraja ya sayi babbar mota, duk baƙon da ya haƙa rami ya tafi da jaka, magana ɗaya ce. Kafin Juma'a labari ya kai kunnen Kawu cewa mutanen birni sun sami abu a tsaunin Lukiya. Ni dai Allah ya gani ban ce akwai ba. Abin da na yi kawai, duk wanda ya tambaye ni a kasuwa sai in ce ba komai, in sunkuyar da kai in ci gaba da auna kifi. Na kuma ɗinka sabon zane, kuma na roƙi Jafali ya riƙa hawa yana duba turken nan safe da yamma. Duba turke ai ba laifi ba ne.

Kwana goma sai ga Kawu da kansa a ƙofar gidana, da rake a hannu, yana kirana ɗiyata. Wai abin ya daɗe yana damunsa, Mama na zuwar masa a mafarki tana cewa ya mayar wa yarinya fadamarta, shi zai haƙura da tsakuwar. Na ce a'a Kawu, ni na saba da dutse, ai daidai da ni ne. Sai da ya yi sawu uku ina jan rai, kamar yadda nake wa mai sayen kifin da ya riga ya lasa. A na huɗu na ce to, amma a gaban dagaci.

Nan ne nake so ka buɗe kunne, don a kansa maganar za ta tsaya. A gaban dagaci da dattawa bakwai na fito da takardar malamar, na ce Kawu, bari a karanta maka abin da mutanen nan suka gani kafin ka karɓa. Ya ɗaga hannu ya ce, "'Yar kasuwa za ta karanta mini takarda? Na san abin da za ki ce, ba komai a wurin. Ajiye abarki." Dagaci ya maimaita masa har sau biyu, ya ƙi. Aka taka iyaka, aka dasa sabbin turaku, kowannenmu ya ba dagaci kazarsa, aka rubuta aka buga hatimi. Kawu ne ma ya nace a ƙara cewa ba mai tayar da maganar har abada, don yana tsoron in dawo.

Yanzu wata biyar ke nan yana haƙa. Rami shida, Yaya. Ya sayar da awakinsa ya sayi diga da guduma, ya kai buhun tsakuwa har garin Mangochi aka ce masa ta yi kyau da cikon hanya. Abu ɗaya ke ci mini rai, ya sare itatuwan gefen gabas, ruwan Janairu ya wanke 'yar baƙar ƙasar tas, ya bar masa farin dutse yana ƙyalli. Itatuwan nake tausayi, ba shi ba. Amyoyina dai na riga na kwashe. Ni kuwa masarata a fadama ta fi Jafali tsawo, jiya muka gasa ta fari. Na zaɓi tumatir huɗu masu kyau na aika masa, na ce ya ɗanɗana.

Dalilin takardar nan shi ne, na ji ya karɓi lambarka wurin Inna Patuma. Zai kira ka ya yi maka muryar tsufa, ya ce an cuce shi, kai ne babba cikin 'ya'yan ƙanwarsa, ka sa baki a warware. Na san zuciyarka, ba ta da wuyar narkewa, kuma dagaci zai saurare ka in ka yi magana. Kada ka yi. Ba kai ka ci tuwon awo damina biyu ba, ba kai aka yi wa dariya a kan tabarmar makokin uwarka ba. Fadamar nan ta Mama ce, tawa ce, gobe ta Mwanaisha ce. In ya kira, ka gaishe shi da kyau, ka tambaye shi aiki.

Ka gaishe mini da Asiyatu, ka ce man shafawar ya iso. Ka shafa kan Saidi da Amidu. Jafali da Mwanaisha da Inna Patuma suna gaishe ku. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa,
Lukiya.

Af, na manta. Takardar malamar tana nan cikin akwatina, kuma ɗazu na hango Kawu ya fara rami na bakwai. Kai da ka fi ni sanin ladabi, in aika masa yanzu ne, ko rashin kunya ne a katse dattijo yana tsakiyar aiki?