Rigar da ba wanda ya kushe

Daren Laraba, ƙarshen Azumi, Gesheme

Yau na gama babbar rigar Alhaji Namata, farar shadda, aikin wuyanta ya ba ni wahala. Ina yanke zaren ƙarshe na tashi na sa ta, na taka har bakin ƙofa na juyo. Ba kowa cikin shagon, daga ni sai keken ɗinki.

Jikina ne bai manta ba. A shagon maigidana Baba Maizama, can Dogon Dutsi, duk wanda ya gama riga sai ya sa ta ya zagaya tsakanin kekuna kafin mai ita ya gani. Kowa ya tsaida aiki ya kushe. Isa abokin aikina ya ce aljihu ya karkace, Baba ya ja hannun rigar ya ce, "Warware, ɗana. Ba ta fita da sunanmu haka." Haushi nake ji ƙwarai. Da rashin lafiyar Inna ya dawo da ni gida, na ɗauka na huta.

Alhaji ya zo, ya ce ta yi, ya tafi da abinshi. Ko juya ta bai yi ba.

Bayan asham Baba Maizama ya kira ni a waya. Ina jin ƙarar kekuna da dariyar Isa a bayanshi. Ya ce, "Kekenka na nan, ba mu ba kowa ba." Na ce Inna ba ta warke ba tukuna. Na daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe.

Hannun hagun rigar nan ya ɗan zarce na dama. Da Isa ne, tun daga ƙofa zai gani. Gobe da sassafe zan je in karɓo ta in warware.