Gilashin da Ka Aiko Ya Sa Na Tsinci Goro a Kebbe

Sanusi ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya Legas da aiki? Yaya Hajara da yara? Inna ta samu sauƙin ƙafa, kowa lafiya lau nan Tambuwal.

To, gilashin kyamara ya iso, kuma raina a ɓace yake. Mi na ce maka? Mai araha, wanda ke jawo nesa kusa, in yi hoto da bidiyo da shi. Kai kuma ka biye wa mai shago, ka sayo mai tsada wanda ba ya jawo komai, wai ya fi fidda fuska!

Ran Asabar anka kira ni ɗaurin aure Kebbe. Ka san mai hoto baya yake tsayawa, ba a ratsa tabarmar dattawa. Daga can nika dubawa, liman da waliyyai duk sun koma kamar tururuwa. Tilas na kutsa gaba. Ana tsakar fatiha ƙafata ta kifar da farantin goro bisa rigar liman. Uban ango, abokin Baba tun ƙuruciya, bai ɗaga murya ba. Kallona kawai ya yi, ya ce, "Bello, ɗan wa kake?" Wallahi gara ya mare ni.

Na ba wani direban motar Legas gilashin ya kawo maka. Maida musu abinsu, ka karɓo wanda na ce.

Ka gaida mutanenmu na can. Ku sa ni addu'a, Allah ya sa in huce kafin ka zo Sallah.

Yayanka,
Bello