Kumatun da Inna ta gani a hoto

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya yara, ya ƙafar Baba? Ina fata ya ajiye sandar.

Kin ce Inna ta ga hotona tana ta murna, wai na yi kumatu, wuri ya karɓe ni. Ke kam ba zan ɓoye miki ba, maganin lupus ne ya kumbura min fuska. Ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa tana yaƙar mai ita. Duk wata ana ɗibar jinina a auna yawan sojojin da suka juya min baya. Wannan karon sun ƙaru, alhali garau nake, ko ɗinki ban fasa ba. Na ce wa likita lafiyata ƙalau. Ta turo min takardar gwajin ta ce, "Jininki bai ce haka ba. Ƙodarki nake ji wa." Ta ƙara min ƙwaya.

Kada ki damu, ranar Talata za a sake aunawa. Ki aiko min da mayafina mai kauri, an hana ni shiga rana.

Inna kuwa, ki bar ta da murnarta. In ta tambaya, ki ce ina cin abinci sosai. Wannan dai ba ƙarya ba ce.

Ƙanwarki