Maigidana Ba Ya Leƙa Ƙunshi Kafin Ya Kwance

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara. Abin ƙarami ne, amma ya tsaya min a rai.

Ni da maigidana muna da ɗan shagon kwamfuta, muna saka wa mutane manhaja. Zamanmu lafiya lau, sai hamdala. Shi ya koya min aikin tun ban san inda ake kunna na'ura ba, har na iya rubuta wa kwamfuta umarni a baƙin allon nan nata. Manhajojin a matse suke zuwa cikin ƙunshi guda, sai an kwance su da umarnin tar. To shi mutumin nawa akwai saurin hannu, yana kuma ji da hakan. Duk foldar da ya tsinci kansa a ciki, nan yake kwancewa, ko leƙawa ba ya yi. Wani ƙunshin mai tarbiyya ne, da foldarsa yake zuwa. Wani kuwa sai ya watse kamar an zazzage buhun shinkafa a tsakar ɗaki.

Kwanan baya a kwamfutar wani mai kantin magani, fayil daga ƙunshin da maigidana ya kwance ya hau kan na mai kantin, ya shafe masa saiti kaf. Allah ya sa na kwafi komai kafin mu fara. Da maigidan ya fita amsa waya, sai na mayar da na asali, na share tarkacen. Ya dawo yana yabon kansa, ni ma na taya shi. Kuma ba yau na fara ba.

Yanzu wata makaranta ta kira shi ya yi aiki a kwamfutar da ke riƙe da sakamakon ɗalibai. Ni ba zan je ba, haihuwa yau ko gobe. Tsoro nake ji, Anti. Ba na so ya ga ɗaliba ta fara gyara wa malaminta karatu.

Taki,
Matar Mai Sauri

Ƙanwata, kin ba ni dariya, kin kuma burge ni. Mijin da ya zaunar da matarsa ya koya mata sana'a ba na yarwa ba ne, kuma kara da kike masa abin yabo ce. Sai dai ke ma da naki. Kullum kina sharewa a bayansa, ta ina zai san yana zubarwa? A iya saninsa bai taɓa kuskure ba.

Ki same shi ku biyu, bayan ya ci ya ƙoshi. Ki faɗa masa abin da ya faru a kantin magani, ba ƙari ba ragi, sau ɗaya, kada ki jero na baya. Sannan ku mai da shi dokar shago da ta hau kan kowa har ke: a kwafi kayan mutane, a buɗe sabuwar folda, a duba abin da ke cikin ƙunshin da umarnin tar -tf, sannan a kwance. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Wataƙila ya ɗaure fuska yini guda, ki bar shi ya huce. Gara ya ji daga bakinki a ɗaki da ya ji daga bakin shugaban makaranta a gaban malamai.

Allah ya sauke ki lafiya, ya ƙara muku zaman daɗi.