Gidan da Na Saya da Tsohuwa a Ciki

Zuwa ga Yayana Habu, a ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka da ban taɓa gani ba. Mu nan Kano sai godiya. Saƙonka ya iso ta bakin alhazan da suka dawo bana, na kuma ji kana da niyyar komowa gida in an cire audugar baɗi. Shi ya sa na zauna rubuta maka. Akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka ɗaure kaya, ni kuwa har yanzu ban san ta inda zan faro shi ba.

Na sayi gida, Yaya.

Ka tuna ranar da muka raka ka tashar mota za ka tafi Makka, kafin hanya ta ajiye ka inda kake yanzu. Ka riƙe hannuna ka ce, "Garba, in Allah ya hore maka ka yi gida, ka bar mini ɗaki ɗaya mai kallon gabas." Shekara tara ke nan ina taka keken ɗinki a kasuwar Sabon Gari, maganar nan ba ta taɓa barin kunnena ba.

Gida biyu aka nuna mini. Na farko a Sabon Gari yake, na Mista Nwosu kafinta, wanda rumfarsa ke jikin tawa. Mahaifinsa ya rasu, dangi suka kira shi ya koma garinsu. Ginin bulo ne da rufin kwano, tagogi masu gilashi, ga famfo a bakin titi. Da kansa ya zagaya da ni, yana ƙwanƙwasa ƙofofin da ya sassaƙa da hannunsa. Ya ce ya fi so ni in zauna a ciki da a ce wanda bai sani ba ne.

Na kai matata Ladi ta gani. Ba ka san ta ba, bayan tafiyarka muka yi aure. Ta tsaya a tsakar gidan, ta duba nan ta duba can, ta ce, "To, baƙo in ya zo, a ina zai tsaya ya yi sallama?" Gidan ba shi da zaure. Kana buɗe ƙofa daga titi, sai ka ga gado.

Na je ofishin filaye in ji maganar takarda. Akawu na farko ya ce ginin zan saya, filin kuwa aro ne na wasu shekaru. Na biyu ya ce kada in damu, ana sabuntawa. Na fito ban san ko saye ake yi ko haya ba. Mako uku ina cewa na yarda da safe, in warware da yamma. Daga ƙarshe Mista Nwosu ya sayar wa wani. Ranar da zai tafi ya kawo mini benci ya ajiye a rumfata, ya ce masu jiran ɗinki su riƙa zama. Bai nuna fushi ba, amma na kasa haɗa ido da shi. Har yau in na bi ta layin na ga tagogin nan, sai in rasa ko hankali na yi ko wauta.

Na biyun a Fagge yake, wani dillali Malam Ɗanjuma ya kai ni. Ginin ƙasa ne, tsoho amma mai ƙwari. Zaure, ɗakuna uku, rijiya a tsakar gida, da bishiyar lemun tsami a gefenta. Mai gidan, Alhassan, zai koma Jos aikin kuza, yana gaggawa. Ladi na shiga ta leƙa rijiyar, ta ɗago tana murmushi, na san magana ta ƙare.

Ɗaki ɗaya ne ba mu shiga ba, mai kallon gabas. An saki asabari a ƙofarsa, ga tukunya a kan murhu tana tafasa. Na tambaya, dillali ya ce, "Wata tsohuwa ce, za ta tashi." Ban ƙara tambaya ba. Ina tsaye ina kallon ƙofar, ina cewa a raina ga ɗakin Yaya. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Aka yi ciniki a gaban mai unguwa da shaidu, aka rubuta takarda, aka shafa fatiha. Alhassan ya hau jirgin ƙasa bayan kwana biyu.

Ranar da muka tare, amalanke na tsaye a ƙofar gida ana sauke kaya, sai aka ɗaga asabarin nan. Wata tsohuwa 'yar ƙarama ta fito tana dogara sanda. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Sannunku da zuwa. Ku ne sababbin 'yan hayar?" Ladi ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Na ji bakina yana cewa, "Mu ne, Iya."

Sunanta Iya Rakiya, goggon Alhassan ce, ƙanwar mahaifinsa. A gidan aka haife ta, ubanta ne ya haƙa rijiyar. Da mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika, ta dawo ɗakin uwarta ta zauna. Alhassan ya tafi ko sallama bai yi mata ba.

Daga nan na shiga yawo, Yaya. Dillali ya ce shi gida ya sayar mini, ba ruwansa da wanda ke ciki. Mai unguwa ya ce gida nawa ne halak malak, amma shi ba zai aika a fitar da tsohuwar da ta goyi rabin unguwar ba. Limamin masallacinmu ya ce in gidan ubanta ne, to tana da gado a ciki, cinikin ma akwai magana a kansa. Wani dattijo kuma ya rantse an raba gadon tun yana saurayi, an ba ta gona. Aka ce in kai ƙara gaban alƙali. Na yi tunani, in na je, ko dai a fitar da ita ko a fitar da ni, kuma ban san wanne na fi tsoro ba. Na aika takarda Jos sau biyu, shiru.

Haka muka zauna wata bakwai, ina mai gida a takarda, ɗan haya a tsakar gida. Ita ke faɗa wa Ladi inda za ta kafa turmi. Ita ta hana ni sare reshen lemun da ke taɓa rufi. Kafin damina ta tasa ni gaba sai na yaɓe katangar arewa, ina yi ina gunaguni a ciki. Da ruwa ya sauka, katangar maƙwabcinmu ta zube, tamu ko tsagewa ba ta yi ba. Wata rana Ladi ta ce ta gaji, ko in faɗa wa tsohuwar gaskiya ko ita ta faɗa. Washegari na dawo daga kasuwa na tarar da su a tabarma ɗaya suna tsince wake, suna dariya.

Sau uku ina shirya magana, in je ƙofar ɗakinta in tsuguna. Duk ukun gaisuwa na yi, na tambaye ta ciwon gwiwa, na tashi.

Da saƙonka ya zo, na ga babu sauran ɓoye-ɓoye. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na same ta a inuwar lemun tana kaɗi. Na zauna, na fara da cewa ina da wa a ƙasar Sudan. Ko rabi ban kai ba, sai ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Na sani, Garba. Tun ranar da na ga dillali yana auna zaure da ƙafa na san an sayar. Na kira ku 'yan haya ne don in ga irin mutanen da aka bar ni da su."

Ta ci gaba da murza mazarinta, ba ta dube ni ba.

"Ba na neman gado, ba kuma zan je gaban alƙali da ɗan wana ba. Ta zauren nan aka fita da ubana, ta nan aka fita da uwata. Ta nan nake so a fita da ni. In ba zai yiwu ba, ka faɗa mini yau, tun ina da sauran ƙafa."

Na ce, "Zai yiwu, Iya."

Ban shawarci Ladi ba, ban shawarce ka ba, ni kaina ban san zan faɗa ba sai da na ji ya fito. Ita kuwa ba ta yi godiya ba. Cewa ta yi asabarinta ya tsinke ta gefe, in duba mata in na sami sarari.

To, ka ji, Yaya. Na ba da ɗakinka. Ban sani ba ko na ci amanarka ne, ko kuwa abin da kai ma za ka yi ke nan, don shekara tara ta isa ta sauya mutum, kuma ban san irin wanda za ka dawo mini ba. Wani lokaci in ga na yi daidai. Wani lokaci ina tsakiyar ɗinki sai in tsaya, in ce wane irin mutum ne zai tara guminsa ya sayi gida, sannan ya nemi izini kafin ya kafa ƙusa a bango?

Akwai fili bayan rijiya, na sa an fara buga tubali. Ɗaki biyu za su fita, ƙanana ne, amma za su ɗauke ku kai da iyali. Ka zo, don Allah, kada wannan ya tsayar da kai. Abu ɗaya kawai nake roƙo. In ka iso, kada ka tambaye ni yaushe wancan ɗakin zai samu. Ni da kai mun san ranar da zai samu, kuma ba na so in zama mai jiran ranar nan a cikin gidana.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sauƙaƙa maka hanya, ya jiƙan iyayenmu. Ita kuma Iya Rakiya, Allah ya ja kwananta. Ka ce amin, Yaya, ko da ba ka san ta ba tukuna.

Ƙanenka mai begen ganinka,
Garba tela, Fagge.